Burodin Jiya

Auta na tsaye a bayan kantar shagonsu tana jera burodin da aka fito da shi daga tanderu, tururinsa har ya rufe gilashin taga, sai ta ji sallama daga bakin ƙofa. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Babba ko ƙarami?"

"Na jiya nake nema."

Sai a lokacin ta ɗago kai. Saurayi ne dogo, sanye da farar rigar masu dafa abinci, riƙe da kwando ba komai a ciki. Ya tsaya yana kallonta kamar ya manta abin da ya kawo shi. Ita kuma ta kai hannu ta goge kumatunta, a zatonta fulawa ce ta shafe ta.

"Malam, ga na yau da zafinsa."

"Na gani. Ƙamshinsa ma tun daga kwana ya tare ni. Amma na jiya ne zai yi mini aiki."

"Kaji kake kiwo?"

Ya yi dariya. "Mutane nake ciyarwa."

Ya ce shi ne kuku a ƙaramin gidan abincin da yayarsa ta buɗe a ƙarshen layi, kusa da shagon mai gyaran waya. Auta ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin tanderu. Babanta ya tsufa a sana'ar burodi, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: bai taɓa sayar wa ɗan Adam burodin da ya kwana ba. Duk abin da ya rage da yamma, buhu ake zuba shi a bayan ƙofa, wani mai gidan gona da ake kira Mai Kaji ya zo da motarsa ya kwashe.

Ta buɗe buhun da sauri, ta cika masa kwandon.

"Ɗauki ka tafi. Kuma ba ni na ba ka ba."

"Ban ma taɓa ganinki ba," ya ce, yana tafiya yana waiwaye har ya kusa yin karo da ƙofa.

Da rana ya dawo da kwano a rufe da ɗan ƙunshin takarda. A kwanon miyar tumatir ce mai kauri. A takardar kuwa wasu ƙananan gutsattsari ne masu kusurwa huɗu, girman kan yatsa, sun yi ja-ja-ja suna ƙamshin tafarnuwa.

"Zuba a kai, ki ci kafin ya huce."

Ta zuba, ta ɗebo da cokali. Gefen ya sha miya ya yi laushi, cikin kuma ƙarmas-ƙarmas. Ta ƙara cokali na biyu kafin ta yi magana.

"Wannan burodinmu ne?"

"Naku ne, wanda kika ce ba ki ba ni ba." Ya jingina da kanta. "Sabon burodi ruwa ne fal jikinsa. Kin sa masa wuƙa ya lotse, kin sa shi a miya ya narke. Na jiya kuwa ya riga ya nutsu. Sai a yanka shi daidai-daidai, a yayyafa ɗan mai da gishiri, a baza a faranti, a sa a wuta marar ƙarfi har ya bushe zuwa can ciki. Daga nan duk inda kika kai shi zai yi aiki. A miya, a kan ganye, a cikin ƙwai da madara, ko a daka shi a haɗa da niƙaƙƙen nama."

"Ka iya surutu."

"Sai na ga mai saurare."

Kafin ya tafi ya nemi lambarta, wai don ya riƙa sanin ko an yi ragowa. Ta san ba ragowa ce damuwarsa ba, amma ta ba shi.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ta Yau, an yi saura?"

Ta amsa: "Waye kuma Ta Yau?"

"Ke mana. Kullum sabuwa, kullum da ɗumi."

Ta kifa wayar a kan kanta tana murmushi, can ta ɗauka ta rubuta: "To Na Jiya, ka zo da kwandonka da safe."

Haka sunayen suka bi su. Yakan zo da sassafe lokacin da Baba ke fama da kwaɓi a ciki, su yi 'yar hira a tsaye. Ta san mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, Yaya ce ta raine shi, kuma a gefen murhunta ya koyi cewa ba a zubar da abinci. Shi kuma ya san ita ce ke riƙe da shagon tun da yayyenta suka watse zuwa nasu ayyukan, kuma tana da saurin fushi amma ba ta iya kwana da shi.

Inna ce ta fara ganewa.

"Auta, wannan wayar ko burodi take gasawa? Kullum tana hannunki kina juya ta."

"Kwastoma ne, Inna."

"Allah ya ƙaro mana irin waɗannan kwastomomin masu sa mutum dariya shi kaɗai."

Mai Kaji ma ya lura, don buhunsa ya daina nauyi. Mutum ne mai rufin asiri, kullum cikin turare mai ƙarfi wanda bai taɓa cin nasara a kan warin gidan kaji ba. Ya daɗe da nuna wa Baba yana son Auta. Baba yana ganin mutuncinsa, amma ya ce masa maganar tana bakin yarinya. Ita kuwa yarinya ba ta taɓa wuce gaisuwa da shi ba.

Da abu ya yi nisa, Kuku ya sa kayansa masu kyau ya zo gaida Baba. Ya durƙusa, ya faɗi ko shi waye da abin da ke ransa. Baba ya saurare shi yana goge hannu da tsumma.

"Kai ne mai kwashe mini buhu ke nan."

"Ni ne, Baba."

"Abin da na ware wa kaji, shi kake ɗora wa mutane a faranti?"

"Bai lalace ba, Baba. Bushewa kawai ya yi. Kuma ba na ɓoyewa, duk wanda ya tambaya ina faɗa masa."

"Wanda bai tambaya ba fa?" Baba ya girgiza kai. "Yaro, ban ga aibu a fuskarka ba. Amma ni sunana yana jikin kowane burodi da ya fita ta ƙofar nan. Wanda ya saba yi wa tsohon abu kwalliya ya miƙa wa baƙo, ban san me zai yi wa kwalliya ya miƙa wa 'yata ba gobe. Daga yau kada a ƙara ba ka ragowa. Sauran maganar kuma ka bar ni in yi tunani."

Auta ta ji komai daga bayan labule. Ranar ko abincin rana ba ta ci ba.

"Kada ki yi fushi da shi," Kuku ya rubuto mata. "Mutumin da ke kishin burodinsa haka, ina ga 'yarsa? Zan jira."

Washegari ta ga guntun burodin da ya rage a teburin gida. Ta shiga kicin ta yanka shi yadda ta ji yana faɗa, wasu manya wasu ƙanana, ta gasa. Tana fitar da farantin ta ji muryar Baba a tsakar gida, sai ta juye su da zafinsu a cikin ledar shago ta ƙulle tam. Da yamma ta bi ta bayan gidan abincin ta miƙa masa.

"Hannuna na farko. Kada ka yi mini dariya."

Bai jima ba ya rubuto: "Na ɗanɗana. Ta Yau, in kika buɗe gidan abinci ni na shiga uku."

Bayan wasu kwanaki, Auta da Inna sun tafi kasuwa, Mai Kaji ya shigo shago riƙe da leda. Shi ne dai ke kwashe ɓawon kayan miya a bayan gidan abincin. Ya ajiye ledar a gaban Baba. Sunan shagon na jikinta, cikinta kuwa gutsattsarin burodi ne sun yi kore shar da fumfuna.

"Baba, ba na son kai ƙara. Amma ga abin da na gani a kicin ɗin mutumin, da sunanka a jiki."

Baba ya aika aka kira Kuku. Yana ganin ledar ya sunkuyar da kai.

"A kwandon shara na jefa ta, Baba. Ba baƙon da ya ci."

"Na hana a ba ka burodina. A ina ka same shi?"

Kuku ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ina tambayarka."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"To kada ƙafarka ta ƙara taka shagon nan."

Da Auta ta dawo, Baba ya riga ya jefa ledar a wuta. Abin da ta ji kawai shi ne an kama ruɓaɓɓen burodi a kicin ɗin Kuku cikin ledarsu. Ta sha ba shi burodi a irin wannan leda, don haka ta ɗauka tsohon kaya ne ya ɓoye yana ci gaba da ba mutane. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Na tsaya maka a gaban Baba. Na ce kai ba mai ha'inci ba ne. Ashe ni ce sakarya."

"Ban ba kowa abin da zai cutar da shi ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"To ka riƙe sauran."

Daga nan wayar ta yi tsit. Auta ta koma jera burodi kamar inji, kwastoma ya ce babba ta miƙa masa ƙarami. Mai Kaji ya ƙara yawan zuwa, ya ƙara yawan turare.

Wata safiya Yaya ta shigo sayen burodi. Mace ce mai jiki da fara'a, amma ranar ba ta yi dariya ba.

"Ƙanwata, me ya haɗa ku? Yarona ya zuba sukari a miya jiya."

"Yaya, ai kin ji abin da aka gani a kicin ɗinku."

"Ledar nan?" Yaya ta riƙe haɓa. "Wadda ya ɗora a saman kantar kicin kamar kayan ado, ya hana kowa taɓawa? Na ce masa an ƙulle ta da zafi, ta yi gumi, ka cinye yau ko ta lalace. Ya ce a'a, kyauta ce, a hankali zai riƙa ci don ta daɗe. Ranar da ta yi fumfuna sai da na yi masa faɗa kafin ya yarda ya zubar."

Nan take Auta ta gane ledarta ce.

"Me ya hana shi faɗa wa Baba?"

"Ya ce wadda ta ba shi tana da uba mai zafi."

Auta ba ta jira ba. Ta shiga ɗakin tanderu, ta durƙusa kusa da kwamin kwaɓi, ta faɗa wa Baba komai, hawaye na zuba a kan rigar aikinta. Baba ya ci gaba da juya kwaɓi.

"Ya rufa miki asiri, na ji, kuma wannan halin kirki ne. Mai Kaji kuma ya ce mini a kicin ya gani, bai ce a shara ba. Shi ma na ji." Ya yayyafa fulawa. "Amma burodin da ya kwana dai ya kwana. Tashi ki wanke fuskarki."

Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Kunya ta hana ta rubuta ko kalma ɗaya.

A cikin makon wata makaranta da ke tsallaken rafi ta ba da odar burodi mai yawa don wani taro. Baba da ma'aikatansa suka yi ta kwaɓi har kafaɗarsa ta riƙe. An gama gasawa ke nan ruwan sama ya sauko, ya wuni yana zuba. Rafi ya cika ya shafe gada, makaranta ta bugo ta ce an ɗage taro. Layin kansa ya zama kogi, ba mai fitowa sayen komai.

Gari ya waye burodi cike da kanta, da teburi, har kan kujeru. Iska ta yi danshi, kowa ya san ba zai kai jibi ba. Mai Kaji ya bugo waya yana dariya, ya ce da hanya ta buɗe zai zo da babbar mota, kajinsa suna godiya. Baba ya kashe wayar, ya jawo kujera ya zauna yana kallon aikin hannunsa.

Auta ta koma lungu ta rubuta: "Na Jiya, na yi maka laifi, Yaya ta faɗa mini komai. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba. Amma yau ba don ni ba. Baba na zaune gaban burodinsa tun safe, ko shayi bai sha ba."

Amsa ta zo nan take: "Kunna tanderu, wuta kaɗan. Haƙurin kuma ki ajiye mini, zan karɓa da hannuna."

Ba a jima ba sai ga shi ya naɗe wando zuwa gwiwa, ɗauke da wuƙaƙe da katakon yanka da galan ɗin mai, Yaya na biye da shi da farantai a ka. Ya tsaya daga waje, ruwa na ɗiga daga rufi a kan kafaɗarsa.

"Baba, ka ce kada in taka shagon nan, ban manta ba. Aron tanderu na zo nema."

Baba bai ko dube shi ba. Inna ce ta leƙo.

"Shigo, ɗana. Shagon da rabona a ciki, ta gefena za ka taka."

Suka share dogon tebur suka hau aiki. Kuku na tsaga burodi a tsaye, Yaya da Inna na yanka shi gida-gida, Auta na yayyafa mai tana bazawa a farantai. Da suka haɗu wajen ɗaukar faranti ta yi ƙasa da murya.

"Ka yafe mini?"

"Tun kafin ki yi laifin."

"Da gaske ya yi daɗi, wanda na yi maka?"

"Rabi ya ƙone, rabi bai bushe ba." Ya yi murmushi. "Ban taɓa cin abin da ya kai shi ba."

Farantan farko na shiga tanderu Baba ya fara motsi a kujera. Ya shaƙi iska, ya yi tsaki, ya kau da kai. Can dai ya kasa daurewa ya miƙe.

"Kai, matsa. Wutar nan ta yi yawa, gefe zai ƙone ciki da danshi. Kuma bayan tanderun nan ya fi gabansa zafi, sai ana juya faranti. Ba a faɗa maka ba?"

"Ban san halinsa ba, Baba."

"Ina za ka sani." Baba ya karɓe dogon cebur ɗin katako daga hannunsa. Ya rage wuta, ya buɗe ƙofar tanderu kaɗan don tururi ya fita. Da faranti ya fito ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya matse da yatsu, ta fashe ƙaras. Ya dubi Auta ta gefen ido. "A bar shi ya huce sarai kafin a ƙulle. Wasu ba su sani ba."

Inna ta fashe da dariya, Auta ta rufe fuska da gefen mayafi.

Da rana ta yi, Kuku ya kaɗa ƙwai da madara da albasa, ya kwarara a kan wani kaso na busasshen burodin, ya bar shi ya sha, ya tura tanderu. Ya fito ya kumbura, sama ja, ciki laushi. Ya zuba wa Baba da miyar tumatir a gefe. Kowa ya yi kamar ba ya kallo.

Baba ya ci a hankali har ya share kwanon.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce, ya miƙa kwanon a ƙara masa.

Da yamma Mai Kaji ya iso da babbar mota, ya tarar da ledoji jere a kan kanta, buhu kuma wayam. Ya nuna tarin ɓurɓushin da ke kan tebur.

"Ko wannan ba za a bar wa kajin ba?"

"Na kaji ne," in ji Yaya. "Da shi ake shafe su kafin a soya."

Baba ya raka shi har mota, suka yi magana a hankali. Mai Kaji ya tafi kansa a ƙasa, bai ƙara kawo zancen Auta ba.

Baba da kansa ya ce a rubuta gaskiya a jikin kowace leda, cewa burodin kwana ne aka busar, da yadda ake girki da shi. Matan layi suka fara saya don gwaji, suka dawo da maƙwabtansu. Ranar da leda ta ƙarshe ta fita, Baba ya kira Kuku ɗakin tanderu.

"Har yanzu yankanka bai cika daidai ba."

"Zan gyara, Baba."

"Ka gyara. Kuma ka turo mini manyanka."

Kuku bai kai ƙarshen layi ba ya rubuta: "Ta Yau, Baba ya ce in turo."

"Na ji. Ina bayan labule."

"Kin yarda?"

"Sai ka yi alkawarin kai za ka riƙa girki."

"Har abada. Ke dai ki riƙa zama kusa."

An ɗaura aure bayan ruwa ya ɗauke. Yayyen Auta suka dawo da iyalansu, gida ya cika da yara, layi ya cika da kujeru. Da lokacin tafiya ya yi, Inna ta rungume Auta. Aka shigar da ita mota, Kuku na gefenta, tana ta share ido.

"Amaryata, kuka kike yi?"

"Albasa ce."

"Babu albasa a motar nan."

"Na auri kuku. Tana jikin rigarka."

Direba ya tayar da mota ke nan aka ƙwanƙwasa gilashi. Baba ne, cikin sabuwar rigar da ta yi masa yawa a kafaɗa. Kuku ya yi sauri ya sauke gilashin. Baba ya sunkuyo, ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a cikin na mijinta, ya rufe su da nasa tafin mai kanta.

"Ita ce ta ƙarshe a gidana, kuma ban taɓa tunanin zan ba da ita da daɗin rai haka ba. Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sa kada yunwa ko gaba ta kwana a ɗakinku. Allah ya ba ku zuriya mai jin ƙanku."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ya saki hannuwansu, ya ja da baya, ya ɗaga wa direba hannu.

"Ja a hankali. 'Ya'yana ne biyu a ciki."